Tazargade Da Ƙanwarta Ta Turai: A Yi Hattara Da Man Da Ke Cikin Ƴar Kwalba

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa, yau za mu leƙa Kawar, can Segedin, garin gishiri da dabino da ke fiye da kilomita 100 arewa da Dirku a kan hanyar Madama da Libiya. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 zirga-zirgar motoci ta ƙaru a wannan hanya, kuma duk inda mota ta bi haja na biye da ita, har da magani. A wurin da babban asibiti ke da nisan tafiya irin wannan, abin da mai tebur ya ce yana magani shi mutane ke sha.

Cikin kayan da ake talla yanzu a Facebook da WhatsApp akwai ƴan kwalabe na man ganye mai ƙamshi, ɗaya daga ciki an rubuta masa estragon da Faransanci. Masu tallar na cewa yana kwantar da ciwon mara, kumburin ciki da shaƙuwa. To, wannan ganye ba baƙo ba ne can can. Masana tsirrai sun sa shi gida ɗaya da tazargaden da muka sani, gidan da suke kira Artemisia. A Faransa ganyen girki ne, ana sa shi a kaza da miya.

Amma fa ganye daban, mai daban. Turara ganyen ake yi da tururi a tatso man, kuma ɗanyen ganye kilo 100 da kyar ya ba da lita 1. Ke nan ɗigo kaɗan ya ɗauke ƙarfin ganye mai yawa. Fiye da rabin man nan wani sinadari ne mai suna estragol. A 2001 kwamitin masana abinci na Tarayyar Turai ya bayyana cewa sinadarin na haddasa kansar hanta ga ɓerayen gwaji, sannan dokarsu ta 2008 ta hana a zuba shi tsantsarsa cikin abinci. Su da suke tatsarsa ma suna gargaɗin kada a ba mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara. Mu kuwa a nan, wa zai karanta wa uwa ɗan rubutun da ke bayan kwalba, da Faransanci ko Larabci?

Inda abin ya fi damun mu shi ne masassara. Gaskiya ne daga wata ƴar gidan, Artemisia annua, Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da artemisinin a 1972, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015, kuma daga gare shi ake samo ɗaya daga cikin sinadaran Coartem da ake bayarwa a likita. Sai dai estragon ba ita ba ce, kuma artemisinin ba ya bin tururi ya shiga mai. Ko shayin ganyen annua ɗin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 ba ta yarda a yi maganin masassarar cizon sauro da shi ba, don ba a san adadin da mutum ke sha ba, kuma maganin da bai kai ba yana koya wa ƙwayar cutar taurin kai.

Ba mu ce a zubar da tazargaden kakanni ba. Amma yaron da jikinsa ya yi zafi, ko direban da ya taso daga kudu yana rawar ɗari, gwajin jini a yatsa na minti 15 ya kamace shi tun ranar farko.

Ke kuma Hajiya mai saro kaya, kafin ki zuba jikkunanki, duba ko kwalbar mai duhu ce, da sunan tsiron, da ranar lalacewa. Zafin Kawar na ɓata irin wannan mai da wuri, wanda ya lalace kuwa yana ƙona fata. In mai ciki ta zo saye, a ce mata babu.