Kadarkon kara da takarda: darasin da lakwal ke iya bayarwa ba da kuɗi ba

A watan Agusta na 2024, ruwa ya yanke hanyar Yamai zuwa Doso a wajen Sore, manyan motoci suka yi layi da kaya a bayansu, farashin abinci ya hau a babban birni. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kwana bakin korama yana jiran ruwa ya janye ya san abin da kadarko ke nufi. Sai dai kaɗan ne cikin ƴaƴanmu ke sanin dalilin da ya sa wani yake tsayawa, wani kuma yake rushewa.

Alhali darasin ba ya bukatar kayan waje. A ɗora takarda tsakanin tubala biyu, a sa mata dala biyar: nan take za ta lanƙwashe. A ninka ta ninki-ninki kamar mahuci, sai ta ɗauki kuɗin har da ƙari. Takardar ba ta sake ba, siffarta ce ta sake. Da karan dawa da zare kuma, yaro zai ɗaure kusurwa huɗu ya ga ta karkace da ɗan turi, ya ɗaure kusurwa uku ya ga ta ƙi motsi. Yaran da ke ƙera motar kara a unguwa sun riga sun yi rabin karatun.

Gwajin da ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne na buta. A kafa dutse cikin rairayi, a kwarara ruwa a gindinsa: ruwan zai cinye ƙasar da ke ƙarƙashi har dutsen ya kife. Haka koramu ke kayar da kadarko, daga tushe.

Ramin ƙarƙashin ƙasa ma haka. A haƙa biyu cikin jiƙaƙƙen yashi, ɗaya mai shimfiɗaɗɗen rufi, ɗaya mai baka. Mai bakan ne ke jure nauyi, domin yana tura shi gefe da gefe. Maginan Birnin Damagaram sun daɗe da sanin wannan a bakan gizo na soraye, kuma mahaƙan uraniyom na Akuta sun yi aiki mita 250 ƙarƙashin ƙasa har aka rufe ma'adinin a 2021.

Kadarkon Kennedy, mai mita 710, da taimakon Amurka aka gina shi a 1970. Na biyu a 2011 da na Seyni Kunce a 2021, Sin ce ta gina su. Makarantar EMIG ta Yamai tana horar da injiniyoyi, amma sai wanda ya ƙetare firamare da kwaleji yana son lissafi ne ke isa ƙofarta.