Shimfiɗar mahaifa da jinin al'ada

Idan ɗiya mace ta kai shekara 11 zuwa 15, takan fara ganin jini wata-wata. Wasu ƴan mata sukan tsorata, su ɓoye, har su ƙi zuwa lakwal. Amma wannan jini ba cuta ba ne, ba rauni ba ne. Daga mahaifa yake fitowa.

Mahaifa tana cikin mara. Girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba. A cikinta jariri yake zama wata 9. Bangonta na ciki yana da wata fata mai taushi, cike da ƙananan jijiyoyin jini. Ita ce shimfiɗar mahaifa. Kowane wata jiki yana gyara ta, kamar yadda ake yi wa baƙo shimfiɗa kafin ya iso.

Ana fara ƙirga daga ranar da jini ya zo. Daga rana ta 1 zuwa ta 5, tsohuwar shimfiɗa tana saɓulewa, tana fita tare da jini. Abin da ya rage siriri ne, kaurinsa kamar milimita 1 ko 2.

Daga nan sai ta sake tohowa. Wani sinadari mai suna estorojen, wanda gidan ƙwai yake zubawa cikin jini, shi ke sa ta kauri. Wajen rana ta 14, ƙwai ɗaya yakan fito daga gidan ƙwai, ya nufi mahaifa.

Sai sinadari na biyu, porojesteron, ya kama aiki. Shimfiɗar ta ƙara taushi, ta tara abinci, kaurinta ya kai kamar santimita 1. Idan ƙwan ya gamu da maniyyi, sai ya manne a cikinta: ciki ya shiga, al'ada ta tsaya. Idan bai gamu ba, sinadaran biyu sukan ragu. Jijiyoyin su tsuke, shimfiɗar ta saki. Wajen rana ta 28, sai jini ya sake zuwa.

Ba dukan mata ke yin kwana 28 ba. Daga 21 zuwa 35 duk daidai ne. Amma idan jini ya wuce kwana 7, ko ciwon mara ya tsananta, yarinya ta gaya wa uwarta, su tafi gidan likita.

Tambayoyi
1. Mene ne amfanin shimfiɗar mahaifa?
2. Me ke faruwa wajen rana ta 14?
3. Yaushe ya kamata a tafi gidan likita?