Tsayayyar Lamba da Dokar Zaɓi a Rubutun Manhajar Waya

Kowace manhaja da ke cikin wayar hannu sai ta ratsa zango biyu kafin a ci moriyarta. Zango na farko shi ne lokacin fassara, inda wata manhaja ta musamman, wadda za mu kira tafinta, take juya umarnin da mutum ya rubuta zuwa harshen da na'ura ke ganewa. Na biyu kuwa shi ne lokacin aiki, wato sa'ad da manhajar ta shiga waya, mai ita yana latse-latse. Duk lambar da tafinta zai iya tabbatar da ita tun a zangon farko, ita ake kira tsayayyar lamba. Alal misali, in aka rubuta 60 sau 60, nan take zai san 3600 ake nufi. Amma yawan cajin da ya rage a batir, wannan sai lokacin aiki ake saninsa.

A harshen Java, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1995, aka kuma daɗe ana rubuta manhajojin Android da shi, akwai umarnin zaɓi mai suna switch. Aikinsa shi ne ya dubi lamba guda, ya zarce zuwa reshen da ya dace da ita, kowane reshe kuwa da alamarsa da ake kira case. Dokar harshen ta ce idan lamba ce alamar, tilas ta kasance tsayayya.

To, me ya kawo wannan doka? Mai karatu ya tuna da akwatunan gidan waya. Da yake an riga an rubuta lamba a jikin kowane akwati, mai rarraba wasiƙu yakan miƙa hannu kai tsaye inda ya dace. Haka tafinta yake shirya jadawali tun da wuri, domin na'ura ta tsallaka zuwa reshen da ake so ba tare da ta bi rassan ɗaya bayan ɗaya ba. Bugu da ƙari, yakan bincika kada rassa biyu su ɗauki alama ɗaya. Ba zai iya ko ɗaya daga cikin ayyukan nan ba idan bai san lambobin ba tukuna.

Wannan doka ta girgiza marubuta manhajar Android a 2011. A tsarin Android, kowane maɓalli da kowane hoto yana da lambar shaida da ake tarawa a wani kundi mai suna R, kuma a da dukkansu tsayayyu ne. Sai dai tsayayyar lamba tana da wani hali: tafinta yakan kwafe ta ya dasa a duk inda aka ambace ta. Manyan manhajoji kuwa ana harhaɗa su ne da ɓangarori da aka riga aka rubuta, waɗanda ake kira laburare. Idan kowane laburare ya dasa lambobinsa, biyu na iya cin karo. Saboda haka dole ake sake fassara su duka a kowane gini, abin da ke cin lokaci ainun.

Domin magance haka, a fitowa ta 14 ta kayan aikinsa, kamfanin Google ya cire kalmar final daga lambobin laburare, wato kalmar da ke tsayar da su. Sai tafinta ya shiga ƙin karɓar rubuce-rubucen da jiya-jiya yake karɓa. A 2023, da fitowa ta 8.0 ta kayan gini na Gradle na Android, wannan tsari ya zama shi ne na asali har ga babbar manhajar kanta.

Maganin ba shi da wuya. Ana sauya switch da jerin tambayoyi na if da else, waɗanda ke gwada lamba a lokacin aiki. Ɗan jinkirin da hakan ke jawowa bai kai mai waya ya lura ba. Harshen Kotlin kuma, wanda Google ya rungume shi a 2017, yana da umarnin when da bai shar'anta tsayayyar lamba ba.

Ashe ke nan ciniki aka yi: an sadaukar da ɗan saurin zaɓi domin a sami saurin gini. Ɗalibin da ya ci karo da wannan ƙorafi na tafinta, sai ya fara da tambayar kansa: wannan lamba, yaushe ake saninta?