Gadon Jariri a Ɗakin Uwa: Yadda Ado da Tsada Suka Tayar da Ɗinkin Gida a Tarauni

A gidan Bahaushe jariri bai saba samun ɗaki nasa na kansa ba. Ɗakin uwarsa ne ɗakinsa, gefen katifarta ne makwancinsa, da rana kuma yana bayanta ko bayan yayarsa, an tamke shi da majanyi. Kayansa kaf ba sa cika akwati guda: 'yan riguna, hula, zannuwan goyo, sai tsummokaran da aka yayyanko daga tsohuwar atamfa da ta sha wanki ta yi laushi. Adon ɗaki kuwa an gama shi tun ranar jere. Haihuwa ba ta ƙara masa komai sai ƙamshin turaren wuta da hayaniyar 'yan barka.

A unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni na birnin Kano abin ya soma sauya kama. Mai zuwa barka yanzu yakan tarar da ɗan gadon katako a gefen na uwar, an yafa masa gidan sauro mai leshi, an manna taurari da jinjirin wata a bango, ga 'yar durowa an jera mai da sabulu da famfas a kai. Hoton dabbobi da 'yan tsana bai cika samun karɓuwa ba a gidajen da ke ƙyamar hoton mai rai, saboda haka gajimare da furanni da haruffan Larabci suka ci kasuwa. Sunan yaron ma ana yanka shi da katako ko roba a rataye a saman gadon, aikin da dole a yi shi cikin gaggawa, tunda sunan ba ya fita sai ranar bakwai.

Ba banza ba abin ya kama a wannan yanki. Nan ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, a bakin titin Zariya, asibitin da aka kafa a 1988 ya kuma tara likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai a unguwannin da ke kewaye da shi. Ga rukunin gidajen Kundila, ga ma'aikatan banki da na gwamnati da ke haya a Court Road da Hausawa. A 2014 aka buɗe katafaren kantin Ado Bayero a titin Gidan Zoo, inda matan da ba su taɓa fita waje ba suka ga keken tura jariri da kujerar motarsa a jere, da farashi a jiki. Daga baya wayar hannu ta ƙarasa aikin. Mai ciki tana kwance a ɗakinta tana kallon ɗakunan jarirai na Dubai da Turkiyya a Instagram da TikTok, ta ɗauki hoton wanda ya burge ta, ta ajiye.

Akwai kuma kunya, wadda ta ja da baya. A da ciki abin ɓoyewa ne, musamman na fari, kuma sayen kayan jariri kafin ya zo duniya ana ganin sa kamar riga malam masallaci. Kakar yaron da gwaggwanninsa ne ke haɗa kaya, uwar ko kallon ɗan ba ta yi a gaban mutane. Yanzu a wurin awo ake miƙa wa mace jerin abin da za ta zo da shi ranar haihuwa, hoton ciki kuma yakan faɗa mata ko mace ce ko namiji tun da sauran watanni. Wadda ta san abin da take ɗauke da shi ta samu damar zaɓen launi, kuma ruwan hoda ga mace da shuɗi ga namiji, al'adar da ba ta da asali a nan, ta zauna daram.

Sai dai ɗaki sukutum na jariri, irin wanda ake gani a waya, bai samu wurin zama ba sai a gidaje ƙalilan. Yawancin matasan ma'aurata a ciki da falo suke, ko ɗaki biyu da ɗayan ya riga ya zama na baƙi da tarkace. Mai haihuwar fari takan tafi wankan gida, ta yi arba'in ko fiye a wurin iyayenta, wato makonnin da aka fi zuwa ganin jariri ba ta ma gidanta. Mai shayarwa da ke tashi sau uku ko huɗu cikin dare ba za ta yarda ta riƙa ratsa falo ba. Ga zafin Afrilu da ke taɓa digiri 40, ga wuta da ba ta da tabbas, fanka mai caji guda ɗaya ce a gidan, kuma inda uwa take nan za a kafa ta. Abin da ya rage daga mafarkin shi ne lungu guda a ɗakin uwa, a ƙawata shi iya ƙarfi.

Abin mamaki, a nan rashin hali ya dace da shawarar likitoci. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a jagorar da ta sabunta a 2022, ta ce jariri ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa, amma a shimfiɗarsa daban, aƙalla watanni shida na farko. Ƙasar da ta yayata ɗakin jariri ita ce ke cewa a dawo da gadon kusa da uwa.

Sha'awa ce ta buɗe kasuwar, amma tsada ce ta yanke hukuncin wanda zai ci ta. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki naira. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar wannan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari. Kusan duk abin da ke shagon kayan jarirai daga Sin ko Turkiyya yake zuwa, da dala aka saye shi. A Disambar 2023 kamfanin Procter & Gamble, mai Pampers, ya ce zai daina sarrafa kaya a Najeriya, sai dai ya shigo da su. A Mayun 2024 Kimberly-Clark, mai Huggies, ya sanar da tattara nasa ya nasa. Shoprite ma ta rufe reshenta na kantin Ado Bayero a farkon 2024. Gwanjon Ƙofar Wambai, wanda shi ne rufin asirin mai ƙaramin ƙarfi, bai tsira ba: dilar da kuɗin waje ake sayo ta, kuma iyakar Nijar ta kasance a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin Kano na naira 71,000, ga ragon suna a gabansa, ga kayan fitar suna na mai jego, ba zai tsaya yana taya gadon da aka hauro da shi daga waje ba.

Hoton da aka ajiye a waya sai ya koma hannun kafinta da mai ɗinki.

Sana'ar cikin gida ba baƙuwa ba ce ga matan Kano. Masaniyar nan Enid Schildkrout, da ta yi bincike a cikin birni a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle ke juya kuɗi daga tsakar gida ta hannun yara masu talla. Tsarin yana nan, 'yar tallar ce kawai ta sauya. Yanzu hoton kaya a WhatsApp ake sa shi, a tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint, ɗan adaidaita sahu ya kai saƙo har ƙofar gida. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa mata da yawa karɓar kuɗi ta waya, kuma ba su koma baya ba.

Abin da ya fi fita shi ne 'yar katifar jariri mai gidan sauro. Mai ɗinki takan sayo yadi mai zanen taurari a Kantin Kwari, ta samo ragowar soso wurin masu kujeru, ta yanka shi dogo mai zagayayyen kai. Ta ɗinke gefen kamar hanji, ta cusa masa audugar roba har ya tashi ya kewaye wurin kwanciyar, sannan ta lanƙwasa waya mai kauri gida biyu, ta ɗora ragar a kai, ta sa zif. A ƙarshe ta haɗa da ɗan filo da abin rufa masu launi ɗaya. Keken Butterfly na ƙafa ya isa yin wannan duka, ba ruwanta da ɗauke wuta. Maƙwabciyarta mai keken saƙa kuma tana fitar da shawul da hula da safa da rigar sanyi, kasuwar da ke tashi da zarar hunturu ya kawo kai a Nuwamba. Masu kwarashi su ne na ƙananan abubuwa: takalmi, ɗan abin ɗaure kai, jakar zuwa asibiti.

Ribar da mata suka samu a nan ta gaske ce. Jarin bai da yawa, ana iya tashi da kuɗin adashe guda, kuma ciniki ba ya yankewa a jihar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mace na haihuwar 'ya'ya 6.5 a rayuwarta. Masu kayan barka sun gane cewa saitin shawul da aka saƙa sunan yaro a jiki ya fi sabulu da turmin atamfa fita kunya. Wasu matan ma sun fi samu a koyarwa, suna tara 'yan mata a zaure ko a rukunin WhatsApp suna karɓar kuɗin rajista. Amma duk wadda aka yaye ta zama abokiyar gasa, kuma sabon salo ba ya mako biyu sai an kwaikwaye shi a layi na gaba. Zaren ulu da yadi da zif da raga duk na waje ne, tunda yawancin masaƙun Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun daɗe da yin shiru. Dalar da ta kore mai saye daga kanti ita ce ke bin mai ɗinki har gida tana cin ribarta.

Famfas ma ya ja baya a gidaje da dama. An koma nafkin da wandon roba da rana, a bar famfas sai dare ko fita unguwa. Magudanan ruwa, da famfas da leda ke toshewa duk damina, za su so hakan. Mai jego da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa tana kuma wanki sau biyu a rana ita ke biyan bambancin da ƙarfinta.

Inda abin ya fi buƙatar a tsaya a duba shi ne lafiyar yaron kansa, domin abin da ya fi kyau a hoto shi ne ya fi haɗari. Jagorar likitocin da aka ambata ta ce a kwantar da jariri rigingine, a shimfiɗa mai tauri wadda ba ta da gangara, ba filo, ba bargo mai nauyi, ba wani abu mai laushi kusa da fuskarsa. A Mayun 2022 Amurka ta kafa dokar da ta haramta sayar da matasan da ake kewaye cikin gadon jariri da su, bayan mutuwar yara da numfashinsu ya toshe a jikinsu. To irin waɗannan matasai, da filo, da tudun audugar da ke kewaye katifa, su ne ke sa saiti ya yi tsada a Tarauni, kuma su mai saye ke fara tambaya. Ulun da ake saƙa da shi na roba ne, ba ya shan gumi. A naɗe jariri da shi a watan Maris don kawai a yi hoto, sai ƙurajen zafi su feso. Duwatsun ado da ake liƙa wa abin ɗaure kai suna ɓallewa, yaro kuma komai baki yake kaiwa. Gadon kafinta yakan zo da tazara mai faɗi tsakanin sanduna, da fentin da ba wanda ya tambayi ko akwai dalma a cikinsa, a yankin da ya ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yaran Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito.

Gidan sauron ne babban alherin da wannan yayi ya kawo, a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Uwar da ba ta damu da ɗaura raga ba, yanzu tana zuge zif saboda abin ya zo da shi. Amma ragar ado ba ta da magani, kuma leshin da ya ɓule ba ya hana sauro. Ba ta maye gurbin mai maganin da ake rabawa a wurin awo.

Tsada ba ita ce ma'aunin aminci ba. Tun 1938 Finland ke ba masu haihuwa kwali cike da kayan jariri, da 'yar katifa a ƙasansa, kuma yara da yawa a cikin kwalin suka yi barcinsu na farko. Katifar Tarauni, in aka cire mata filo da tudun gefe aka sa soso mai tauri, ta fi wannan kwali, ta kuma fi sauƙin ɗinki da kuɗi. Matsalar ita ce ba za ta burge 'yan suna ba, kuma ranar suna ake yi wa yawancin wannan hidima: a kira mai ado ya kafa balan-balan, kishiya ta gani, dangin miji su gani, wani lokaci da bashin da za a kai yaye ana biya.

Babu wani jami'in Hukumar Kula da Ingancin Kaya da zai bi gida-gida yana auna soson mai ɗinki a Unguwa Uku ko Darmanawa. Hanyar da ta fi kusa ita ce bencin awo. Masu ɗinkin nan da masu sayen su ne matan da ke zaune a kai da safe suna sauraron ma'aikaciyar jinya tana bayanin shayarwa zalla da allurar rigakafi. In aka ƙara minti biyar a kan yadda ake kwantar da jariri, mai saye za ta fara cewa a cire mata filon, mai ɗinki kuwa abin da aka nema take ɗinkawa.