Gaz ɗin kashin shanu: wa ke buƙatar na'urar tacewa?

Jama'a masu saurare na Damagaram da ƴan uwa mazauna ƙetare, yau za mu tattauna kan biyogaz, wato iskar da ke tashi idan aka rufe kashin shanu da ruwa cikin ramin da iska ba ta shiga.

Wannan iskar gauraye take. Kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari metan ne, shi ke kama wuta. Mafi yawan sauran kuwa iskar karbon ce, wadda ba ta ci, sai tururin ruwa da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cin ƙarfe.

To yaya ake ware metan? A Turai ana amfani da mataci da ake kira mambaran: dubban siraran bututun roba, kowane bai fi ƴan silin gashi kauri ba, an ɗaure su cikin bututu guda. Inji ya matsa iskar ya tura ta ciki. Iskar karbon tana saurin ratsa jikin robar ta fice, metan kuma ya wuce gaba. Kamar rariya ke nan. Abin da ya fito yakan haura kashi 95 cikin ɗari na metan, har mota tana iya tafiya da shi. Amma sai an fara cire danshi da iskar nan mai wari, in ba haka ba matacin ya lalace. Kuma injin na buƙatar lantarki marar yankewa.

Shi ya sa muke cewa wannan aikin na wurin da kashi ke taruwa kullum ne, kamar mahautar birnin Zinder ko manyan kasuwannin dabbobi. Uwargida a ƙauye ba ta buƙatarsa: murhun biyogaz na dafa tuwo da iskar yadda ta fito. Wurin tarar ruwa a bututu da soson ƙarfe mai kama wari sun isa.

Sai gargaɗi. Gaz ɗin tukunya da matatar SORAZ ke fitarwa tun 2011 butan ne, yana zama ruwa da ɗan matsi. Metan ba haka yake ba, sai tukunya ta musamman mai jure matsi sosai. Kada kowa ya yi gangancin ɗura shi a tukunyar butan.

Mai niyyar aiko kuɗi gida, a fara da gina rami mai kyau. Gaz na girki, ragowar kuma taki ne na gona.