Neman Ragin Kuɗin Haya a Kongolam: Ciniki Ne, Ba Bara Ba

Garin Kongolam da ke ƙaramar hukumar Mai'adua a masarautar Daura, gari ne da abincinsa ke rataye a kan iyaka. Ta nan hanyar Daura take ratsawa zuwa Matamaye da Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Wanda ya kama hayar shago ko ɗakin ajiya a bakin wannan hanya, zirga-zirgar fatake da direbobi ya saya. Bulo da kwanon rufi ba su ne suka ɗaga farashin ba.

Wannan zirga-zirga kuwa ta sha tsinkewa. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwambar shekarar kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sake garƙame ƙofar, ba a ba da umarnin buɗewa ba sai a Maris ɗin 2024. Ga kuma cire tallafin mai da ya ninka kuɗin sufuri. Ciniki ya ja baya, amma kuɗin haya bai san an rufe iyaka ba.

Duk da haka, ɗan haya kan ji nauyin buɗe baki. Yana ganin neman ragi tonon asiri ne, sai ya yi shiru har wa'adi ya cika, ya koma wasan ɓuya da mai gida. A nan ne zumuncin shekaru yake rushewa, maganar da za a gama a zaure ta ƙare a gaban alƙali.

A fiƙihun Malikiyya da muke bi, haya sayen amfani ne, kuma malamai sun tattauna sassauci idan wata masifa ta gama-gari ta tauye abin da aka yi ciniki dominsa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Saboda haka mai neman ragi bai zo da baƙon abu ba. A kasuwar Mai'adua ma ana taya sa, mai shi ya ce "albarka", kuma ba wanda ya ɗauki hakan cin fuska.

Sai dai neman yana da ladabi. A je tun saura wata biyu ko uku wa'adi ya cika, ido da ido, ba ta bakin dillali ba, domin shi ladansa yana ƙaruwa ne idan an sauya ɗan haya. A tafi da hujja: littafin ciniki, da abin da ake biya a shagunan maƙwabta. Kada a je hannu rabbana. Ana iya tayin biya kashi-kashi, ko gyaran rufi a cire daga kuɗin, ko ragi na shekara guda da sharaɗin komawa tsohon farashi idan kasuwa ta farfaɗo. Abin da aka daidaita a rubuta shi gaban shaidu biyu, in da hali da sanin mai unguwa.

Shi ma mai gida yana da uzuri. Siminti ya yi tsada, wani ma da kuɗin hayar nan yake ciyar da marayu. Amma ya yi lissafi: shagon da ya zauna a kulle wata uku ya cinye rubu'in kuɗin shekara, ya zarce ragin kashi 10 ko 15 cikin ɗari da aka roƙa. Da babu gara ba daɗi.

Ba ɗan haya ne ya rufe iyaka ba, ba kuma mai gida ba ne. Asara ce ta faɗo musu tare, adalci shi ne su raba ta. Ya kamata hakimai da shugabannin 'yan kasuwa na yankin su mayar da irin wannan sulhu al'ada tun kafin ƙofar ta sake rufuwa.