Jirgin Ruwa Ba Ya Jiran Mai Latti: Faɗakarwa Ga Masu Sauka Yawo A Tashoshin Teku

Akwai wata magana da ke yawo a bakin masu hali daga cikin mutanenmu da suka fara shiga manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido, ko daga Jidda, ko Dubai, ko Basalona, kuma na gaji da jin ta. Wai tunda mutum ya biya kuɗin ɗaki, kayansa suna ciki, sunansa yana rajista, to ko ya makara a gari jirgi ba zai tashi ya bar shi ba. A kan wannan zato ake ɗaukar ɗan jagora a intanet ko a bakin tasha, a nausa gari, ba mai duba agogo. Maganar nan ƙarya ce, kuma wanda ya gaskata ta zai biya da dukiyarsa da kwanciyar hankalinsa.

Tsarin tafiyar ba shi da wuyar ganewa. Jirgi yakan kwana yana tafiya, da safe ya tsaya a wani gari, fasinjoji su sauka su yini, da yamma ya ci gaba. Mai son zaga gari ko dai ya sayi zagayen da kamfanin jirgin ya shirya, ko ya nemi nasa jagoran da mota. Kowace rana ana sanar da lokacin da dole kowa ya kasance a ciki, yawanci rabin awa kafin tashi.

Masu cewa jirgi zai jira su tsaya su dubi abin da ya faru ranar 27 ga Maris 2024 a tsibirin Sao Tome, nan kusa da mu a mashigin tekun Gini. Jirgin Norwegian Dawn, wanda ya taso daga Cape Town zai nufi Basalona, ya tsaya a can, aka sanar cewa ƙarfe 3 na yamma kowa ya dawo. Mutum 8, Amurkawa 6 da 'yan Ostireliya 2, suka tafi yawo da jagoran da suka ɗauka da kansu, suka makara. Da suka iso bakin ruwa jirgin yana nan suna hangensa, domin a cikin teku ya tsaya, ƙananan jirage ne ke jigilar mutane zuwa gaɓa, amma an riga an rufe jigilar. Aka miƙa fasfo ɗinsu ga wakilin jirgi a tasha, jirgi ya kama hanya. Suka bi ta ƙasashe da dama har Banjul don su tare shi, yanayin ruwa ya hana shi tsayawa a can, sai a Dakar suka samu shiga, kusan mako guda bayan an bar su. Kamfanin ya mayar musu da kuɗin hanya daga Banjul zuwa Dakar, amma ya tsaya a kan cewa dawowa kan lokaci alhakin fasinja ne. To, in an bar Ba'amurke a tsaye a gaɓa yana kallon jirgi, wane ne kai da za a jira?

Wani zai ce ai wannan rashin tausayi ne, me minti 20 zai rage wa kyaftin? Mai wannan magana motar tasha yake tunawa, wadda direba ke danna ham yana jiran wanda ya zagaya bayan gida. Jirgin da ke ɗauke da fasinja 3,000 ko 6,000 yana aiki ne da jadawalin da aka tsara tun watanni kafin tafiya. Wurin da ya tsaya haya ce ta awoyi, wani jirgin na iya zama a layi. Akwai matuƙin tasha da aka yi alkawari da shi zai fitar da jirgin daga mashigi. A wasu tashoshin sai ruwa ya cika ake iya fita, in ya janye sai a jira wani zagayen. In an makara dole a ƙara gudu don a isa gari na gaba da safe, kuma man da inji ke sha yana hauhawa fiye da kima da zarar an ƙara gudu. Kyaftin na iya ɗaga ƙafa na 'yan mintoci in ya ga dama, amma alfarma ce, ba haƙƙin kowa ba. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya: mutum ɗaya ya tsare dubban mutane saboda ya tsaya cinikin turare, wannan son kai ne, ba addini ko tarbiyyar da ta yarda da shi.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar kuwa, tasa ta fi ta kowa zafi. Bature da aka bari a wata tasha tikitin jirgin sama kawai zai saya ya tari gaba. Kai kuwa yawancin iyakoki sai da biza. A ce an bar ka a Kusadasi ta Turkiyya, jirgi ya nufi Girka, bizarka ta Schengen, wadda ake shiga Girka da ita, kuma ta shiga sau ɗaya ce, ka riga ka cinye ta. Maganin hawan jininka yana ɗaki, katin bankinka yana cikin akwati, iyalinka suna can saman jirgi suna kuka. Kuɗin otal da tikiti da abinci duk daga aljihunka.

Abin da mai sayen zagayen kamfani yake saya ke nan da ƙarin kuɗin da yake gunaguni a kai: lamuni. In motar kamfani ta lalace ko cunkoso ya tare ta, jirgi yakan jira, in jiran ya gagara kamfani ne zai kai mutane tasha ta gaba da kuɗinsa. In iska ta sa aka soke tsayawa a wani gari, ana mayar da kuɗin zagayen ba gardama. Masu sukar wannan zagaye suna da hujja, ban musa ba. Yana da tsada, domin sau da yawa kamfanonin garin ne ke yin aikin, na jirgi ya ɗora ribarsa. Ana cusa mutum 40 ko 50 a bas ɗaya, a ɓata lokaci a shagon kafet ko na zinariya, ba a tsaya maka ka yi azahar, ba a tambaye ka ko abincin ya halatta gare ka. Iyali mai mutum 6 da suka ɗauki mota ɗaya da jagora ɗaya sukan biya ƙasa da haka, su tafi da saurin dattijon cikinsu, su tsaya masallaci. Saboda haka ban ce ɗaukar jagora laifi ne ba. Masu cewa ba a barin kowa ya sauka sai da ayarin kamfani ma sun yi kuskure. Dokar lokacin korona ce ta 2020, an daɗe da janye ta.

Ma'aunin shi ne nisa. Inda abin kallo yake kusa da tasha, jagoran kanka ya wadatar. Daga Kusadasi zuwa kufan birnin Afisa kimanin kilomita 20 ne, daga Piraeus zuwa tsakiyar Atina bai kai haka ba, a Valletta da Istanbul kuwa cikin gari ake sauke ka. Inda za a yi doguwar tafiya, lissafi ya canza. Daga Civitavecchia zuwa Rum kusan kilomita 80 ne, daga Akaba zuwa Petra wajen awa 2 a mota, daga Iskandariyya zuwa dalar Giza ko daga Safaga zuwa Luksor kuwa sama da kilomita 200, awa 3 zuwa, awa 3 dawowa. Taya ɗaya ta fashe a hamada, shi ke nan. A irin waɗannan wurare, musamman ga wanda karonsa na farko ne, biyan kamfani ya fi hankali. Araha ba ta ado.

Wanda ya zaɓi nasa jagoran, ga abin da ya wajaba a kansa. Ya shirya tun yana gida, kada ya jira masu tare mutane a ƙofar tasha. Ya nemi mai lasisi, domin ƙasashe irin su Italiya da Girka da Turkiyya da Masar suna ba jagorori lasisi, kuma na gaskiya ba ya jin haushi in an ce ya nuna. Ya tambaya a rubuce: in jirgi bai tsaya ba, za a mayar da kuɗi? In motarku ta sa na makara, wa zai kai ni tasha ta gaba? Wanda ya kama kame-kame a bar shi. Kada a biya duka kuɗin kafin a ga mota. A fara da wuri mafi nisa da safe, a riƙa gangarowa kusa da tasha, a sa niyyar dawowa awa 1 zuwa 2 kafin lokacin da aka sanar, ba lokacin tashin jirgi ba. Inda ake jigila da ƙananan jirage a ƙara a kan haka, don layi yakan yi tsawo. A kula da agogo: wani lokaci jirgi yana riƙe da nasa lokacin daban da na gari, wayar hannu kuma takan koma lokacin gari da kanta, don haka a ɗaura agogon hannu a saita shi da na jirgi. A ɗauki hoton takardar shirin ranar, akwai lambar wakilin jirgi a ciki. In an ga alamar makara a kira shi nan take, kada a yi ta Allah ya sa. A fita da fasfo ko kwafinsa, da katin banki, da maganin kwana biyu. A nemi biza mai shiga da yawa, a yanki inshorar tafiya, a karanta ko ta ƙunshi rasa jirgi.

Ya kai mai shirin wannan tafiya, kuɗin da ka biya ɗaki da abinci ya saya maka, bai saya maka ikon tsayar da jirgi ba. In wurin yana da nisa, bi ayarin kamfani. In yana kusa, ɗauki jagoranka, amma ka dawo da wuri, kuma ka gaya wa duk wanda ka ji yana cewa za a jira shi cewa ba za a jira shi ba.